Ashirin, Ashirin da Uku

Shekara talatin da shida tana auren malamin Turanci, amma duk Turancin da ta kwasa bai cika cokali ba. Abu ɗaya ta iya, kuma ta iya shi fiye da ɗalibansa: yadda Bature ke faɗin shekara. Shi ma ba zama ta yi ta koya ba, ta kunne ya shigar mata. Keken ɗinkinta a falo yake, jikin taga, kuma a falon ne maigidan ke gwada darasinsa da ƙarfi kowace yamma kafin ya kai shi aji. Ita tana taka keke, shi yana yi wa kujeru bayani.

Dabararsa ɗaya ce tun yana saurayi. Sai ya yanko kwali, ya rubuta shekara da manyan lambobi huɗu, ya ninke shi a tsakiya. Ya nuna rabin farko, ya juya ya nuna na biyu.

"Mu in za mu faɗi shekarar aurenmu," in ji shi, "sai mun ɗauko ta tun daga tushe. Dubu ɗaya da ɗari tara da tamanin da bakwai. Kafin ka dire, shayi ya huce. Bature ba shi da wannan lokacin. Sara ta yake gida biyu: sha tara, tamanin da bakwai. Ya kama gabansa."

Saboda wannan kwalin ɗalibai suka sa masa Malam Raba-Biyu, sunan ya bi shi har kasuwa. Ita kuwa Mai Allura yake ce mata, tun ranar da ya kawo mata wando ɗinki ya koma gida da wandon a hannu don ya manta abin da ya kawo shi. Ko a faɗa bai taɓa kiran ta da wani suna ba.

Sau ɗaya kwalin ya taɓa ba shi kunya. Da aka shiga shekarar dubu biyu, ya ninke ya ga ashirin a gefe, sifili biyu a ɗaya gefen, babu abin faɗa. Turawan da kansu suka watsar da tsarinsu, suka koma cewa dubu biyu, dubu biyu da ɗaya, kamar kowa. Wallahi mutumin nan fushi ya yi da su na gaske. Shekara goma yana cewa sun ci amanarsa. Ranar da ya ji a rediyo sun dawo suna cewa ashirin, goma, sai da ya shigo falo yana taka rawa da silifa ƙafa ɗaya, ya ce, "Mai Allura, sun tuba!"

To, wannan mutumin ne aka fara tsintar makullinsa a cikin firji.

Da farko dariya suka yi. Tsufa ne, wa ya tsira? Sai ya fara tambayarta ko ya ci abinci, kwanon na gabansa. Sai ya koyar da darasi ɗaya sau uku a aji ɗaya cikin mako guda. Ranar da abin ya fito fili, ya tsaya gaban allo zai rubuta kwanan wata, ya rubuta ɗaya da tara, hannunsa ya tsaya. Ya fi minti goma a tsaye, alli a hannu, aji ya yi tsit. Washegari shugabar makarantar ta aiko a kira matarsa.

Shugabar ba muguwa ba ce, ita ma tsohuwar ɗalibarsa ce. Ta ba ta kujera, ta kawo mata ruwa, ta yi ta kewaye-kewaye har Mai Allura ta ce, "'Yata, faɗi abin da ke bakinki."

"Mama, iyaye sun fara magana. Hukumar makaranta ta ce ya huta a gida kwana goma, ya ga likitar ƙwaƙwalwa. In ta ba da takarda cewa zai iya, ajinsa na nan. In ba ta bayar ba..."

Ba ta ƙarasa ba, kuma ba sai ta ƙarasa ba.

A hanyar gida Mai Allura ta wuce ƙofarsu ba ta sani ba, sai da ta dawo da baya. Ita ta san abin da hukumar ba ta sani ba. Ranar makaranta Malam kan tashi ya yi aski, ya goge takalmi, ya tsokane ta a kan gishirin miya, ya zama mijinta sak. Ranar hutu kuwa sai ya zauna a kujera yana kallon bango, ka yi magana uku kafin ya amsa ɗaya. Hutun da ya wuce sai da ta yi ta ƙirga kwanaki kamar mai jiran haihuwa. Ajin nan shi ne igiyar da ke riƙe da shi. In an karɓe ajin, an karɓe mata miji, ko da yana zaune a falonta yana numfashi.

Ta kira autarsu, wadda ke aiki a gidan kula da tsofaffi a wani gari mai nisa.

"Me likitocin nan suke tambaya?"

"Abubuwa ne ƙanana, Mama. Yawanci da shekara ake farawa, a ce wace shekara muke ciki. Sai wata, sai rana, sai su ba shi kalmomi ya riƙe..."

"Shekara ce farko?"

"Yawanci. Mama, me kike shirin yi? Don Allah kada ki koya masa. Ba jarrabawa ba ce, so ake a ga gaskiyar abin da ke damun Baba."

"Ke rufe min baki. Gaskiyar ce za ta tashe shi ya yi aski?"

Auta ta fara kuka a waya. Uwar ta kashe, don ba ta da wurin ajiye kukan wani.

An gaya mata likitar baƙuwa ce, ba ta jin komai sai Turanci. Wannan ya ɗan kwantar mata da hankali, ai an zo gidan Malam. Da yamma ta kawo masa shayi, ta zauna kusa da shi, ta ce kamar da wasa, "Malam, wace shekara muke ciki? Da Turanci nake so."

Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa. Muryar aji ta fito, garau. "Sha tara..." Ya tsaya. Ya dubi taga. "Sha tara, casa'in da..."

Ta tashi ta ɗauko kwalin da take yanka samfurin wuyan riga da shi, ta yanko, ta rubuta lambobi huɗu, ta ninke. Ta nuna masa rabin farko.

"Ashirin," ya ce.

Ta juya.

"Ashirin da uku."

"To haɗa."

"Sha tara, ashirin da uku."

Kai! Harshen da ya shekara da shekaru yana buɗe kowace shekara da sha tara ya ƙi sakin ta. Rabin baya yana zama, rabin gaba na zamewa. Ta sake nunawa, sai ya fashe da dariya, ya kama gefen mayafinta. "Mai Allura, yau kuma ni za ki koya wa? Je ki ga ɗinkinki, kada ki soke ni." Kwana biyu suka yi a haka. Da ta zauna kusa da shi sai ya mai da abin wasa, ya tambaye ta labarin maƙwabta, ya ce shayin ya yi zaƙi. Kwana takwas suka rage.

A rana ta uku dabara ta faɗo mata, kuma a lokacin gani ta yi Allah ne ya jefo mata ita. Mutumin nan ba ya mai da hankali sai a aji. To, a kawo masa aji.

Ta lulluɓe keken ɗinki, ta ja shi da kyar zuwa ɗakin ajiya, ta gaya wa masu kaya su yi haƙuri sai bayan mako biyu. A gurbinsa ta jingina ƙaramin allonsa. Ta sa kujera ɗaya a tsakiyar falo da ƙaramin tebur. Ta saka doguwar riga mai ruwan toka wadda ba ya ganin ta da ita, ta ɗaure kai tamau, ta ɗauki rularsa. Ƙarfe huɗu daidai ta buga rular a tebur.

Ya fito daga ɗaki yana murmushi. "Mai Allura, wannan kuma..."

"Babu Mai Allura a nan," ta ce, da irin muryar da ta shekara talatin tana ji ta bayan keke. "A cikin ajin nan Malama za ka ce. Zauna."

Murmushin ya ɗauke. Ya dube ta, ya dubi allon. Sai ya gyara wuyan rigarsa, ya ja kujera ya zauna, ya ɗora hannuwa biyu a tebur.

"Barka da yamma, Malama."

Ranar, a karo na sha ɗaya, ya faɗi ashirin, ashirin da uku ba tare da ya ga kwali ba. Ta shiga kicin ta rufe ƙofa, ta yi hamdala tana hawaye a kan tukunya.

Washegari da safe ta tambaye shi, sha tara ta dawo daram. Sai ta ƙara darasi. Ƙarfe tara, ƙarfe sha biyu, ƙarfe huɗu. Daga baya ta daina cire rigar tokar, don ta lura in ta sake kaya sai sun faro daga farko. Abinci ma a teburin ajin take ajiye masa, ta koma kicin ta ci nata a tsaye, kada zama tare ya ɓata abin da aka gina. In ya yi kuskure ta buga rula. In ya yi daidai ta ce, "Da kyau," ba ta yarda ta yi masa murmushi. Ita da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba sai a kan barin tawul a ƙasa.

Shi kuwa ɗalibi ne na kirki, abin tausayi. Yana miƙewa in ta shigo. Yana ɗaga hannu kafin ya je banɗaki. Wata rana har ya gyara mata koyarwa, cikin ladabi: "Malama, in an yarda in ce wani abu. In akwai sifili a rabin baya, kamar sha tara da sifili da biyar, Bature ba ya cewa sifili. Sunan harafin nan mai zagaye yake kira." Ta ce ta sani, su koma kan tasu shekarar.

A rana ta bakwai, yana cikin maimaitawa, ya tsaya ya karkata kai wajen taga.

"Kwana biyun nan ba na jin keke."

"Wane keke?"

"Keken ɗinki. Kullum ina jin sa ta nan."

Zuciyarta ta ce ta ajiye rular nan, ta je ta kama hannunsa. Amma saura kwana uku, kuma da safen nan sau biyu sha tara ta kuɓuce masa. Ta buga tebur.

"Mai da hankalinka kan allo. Wace shekara muke ciki?"

"Ashirin, ashirin da uku, Malama."

Ranar asibiti ta goge masa farar riga, ya yi aski da kansa bai yanke ba. Ta tsaya gaban akwatin kayanta tana tunani, sannan ta sake saka rigar tokar, don kada a samu matsala. A mota ta tambaye shi sau huɗu. A layin jira, kan benci mai sanyi, tsakanin wani tsoho mai rawar hannu da wata mata mai barci, ta ƙara sau uku. Duk ya ci. Kwalin na cikin tafin hannunta, ya jiƙe da gumi.

Likitar doguwa ce mai furfura a gaban goshi, da wata nas a gefe mai yi wa Mai Allura fassara in an buƙata. Aka nuna mata kujera a bayan Malam, aka ce kada ta sa baki. Likitar ta gaishe shi, ya amsa da wani Turanci mai santsi har ta ɗaga gira. Suka ɗan yi hira, suka yi dariya. Daga nan ta buɗe takarda, ta ɗauki biro, ta yi tambaya. A duk maganar da aka yi, kalmar shekara kaɗai Mai Allura ta tsinta.

Malam ya gyara zama. Ya ɗaga yatsa.

"Ashirin," ya ce da Turanci, ya ɗan dakata daidai wurin ninki, "ashirin da uku."

Biron likitar ya yi alama. Mai Allura ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. Ta so ta tashi ta yi guɗa a cikin asibitin mutane.

Ashe da sauran rina a kaba. Likitar ta sake tambaya, Malam ya ɗaga yatsa ya ce, "Ashirin, ashirin da uku." Nas ta sunkuyo ta raɗa mata, "Sunan watan da muke ciki aka tambaye shi." Aka sake wata tambayar. Ashirin, ashirin da uku. "Yanzu sunan wurin nan aka tambaya." Aka ba shi kalmomi uku ya riƙe, bayan ɗan lokaci aka nema, ya dubi tafin hannunsa kamar a nan ya ajiye su. Aka miƙa masa takarda ya zana agogo. Ya yi da'ira mai kyau, hannun malami, sannan ya tara lambobin duka a gefe ɗaya, ya tsaya yana kallon su. Ya san akwai abin da ba daidai ba, bai san mene ne ba. Ta bayansa tana ganin gumi na gangarowa cikin wuyan farar rigar da ta goge.

Da aka gama, likitar ta sa aka fita da shi auna jini, ta juyo ga matar. Nas na fassarawa.

"Ta ce, ke kika koya masa shekarar?"

Mai Allura ta sunkuyar da kai.

"Ta ce ba laifi, da yawa suna yi. Ta ce ta ga kin sha wahala. Amma ba za ta iya rubuta cewa zai koma aji ba. Ciwon ya yi nisa, kuma ba ya komawa baya. Akwai magani da zai ɗan rage masa gudu."

"Ki ce mata ajin ne maganinsa. Ki ce mata ko aji ɗaya ne, ko sau ɗaya a mako. Ki ce mata ai ya faɗi shekarar, da kunnenta ta ji!"

Nas ta faɗa. Likitar ta ajiye biro, ta yi magana a hankali.

"Ta ce abin da zai fi riƙe shi yanzu shi ne abin da ya saba da shi. Gidansa yadda ya san shi, kayan ɗaki a inda suke, muryoyin da ya sani. Ta ce kada a canja masa komai."

Mai Allura ta dubi rigar da ke jikinta.

Suka fito da rana tsaka. A bakin ƙofar asibitin akwai benci ƙarƙashin rumfar jiran mota, suka zauna. Motoci na wucewa, mai sayar da ruwa na kira. Takardar maganin na cikin jakarta, ɗayar takardar da ta zo nema babu ita. Ta ce a ranta, shi ke nan, an rasa ajin. Bari su je gida ta cire wannan tsinanniyar riga, ta jawo kekenta ta mai da shi jikin taga, ta dafa masa shayi mai zaƙi ya yi mita. Ko rabin mutum ne, nata ne. Sai hawaye suka ƙwace mata, a gaban jama'a, ta kasa tare su.

Malam ya lura. Ya laluba aljihu ya ciro hankicinsa, wanda ita ta yi wa ƙarin baki da zare shuɗi, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Kada ki yi kuka. Na san ban ci ba. Amma ba laifinki ba ne, kin yi iya ƙoƙarinki. Ni na shekara da shekaru ina koyarwa, na san malami mai haƙuri in na gan shi. Ɗalibin ne kansa ya toshe."

"Malam," ta ce, "ni ce fa."

"Na sani, Malama."

Ta fizge ɗaurin kan, ta kama hannunsa ta matse. "Dube ni da kyau. Wace shekara muka yi aure?"

Ya zare hannunsa a hankali, irin na mutumin da ba ya son ya kunyata mace, ya ɗan matsa gefe. Amma tambayar ta yi masa daɗi, fuskarsa ta washe.

"Ni da matata? Sha tara, tamanin da bakwai. Tela ce, ba ki san ta ba. Mai Allura nake ce mata." Murmushin ya dushe. Ya rage murya. "Kwana biyu ba ta gida. Har kekenta ta ɗauke. Ban san abin da na yi mata ba, kuma ina jin kunyar in tambayi mutane. In kin ji wani labari, don Allah ki gaya min."

Mota ta tsaya, mutane suka shiga, ta tashi. Ba su motsa ba. Mai Allura tana riƙe da ɗankwalinta a hannu ɗaya, jiƙaƙƙen kwalin a ɗaya hannun, ya rabu biyu daidai wurin ninkin.

"Za ta dawo," ta ce.

"Kina gani?"

"Yau ɗin nan za ka ji kekenta."

Ya gyaɗa kai, bai gamsu sosai ba. Ya dubi titi, ya dubi agogon hannunsa da ya daina iya karantawa, sannan ya juyo gare ta cikin ladabi.

"To gobe fa, Malama? Akwai darasi? Don in ba ke ba, ba mai zuwa wurina."

Ta mai da ɗankwalin kanta, ta ɗaure.

"Akwai," ta ce. "Ƙarfe huɗu."